Ban ba shi lambar ba, amma sai da suka ɗauke layina

Lambar da ta fito a fuskar wayata ta bankina ce, babu ragi babu ƙari, ita ce dai wadda ke rubuce a bayan katin cirar kuɗina. Muryar namiji ce, a natse. Ya yi sallama, ya kira cikakken sunana har da na tsakiya wanda ba kowa ya san shi ba. Ya ce daga sashen yaƙi da zamba yake kira, wai an yi yunƙurin cire kuɗi daga asusuna a wani gari mai nisa, sun tsayar, amma sai na tabbatar musu ba ni ba ne. Ya karanto ranar haihuwata, ya karanto lambobi huɗu na ƙarshen katina. A bayansa ina jin hayaniya irin ta ofis, ana danna kwamfuta, wata mace tana ba wani haƙuri.

"Yallaɓai, kwantar da hankalinka, abin yana hannunmu. Yanzu saƙo zai shigo maka da lambobi shida. Karanto min su in soke cinikin."

Saƙon kuwa ya shigo, daga bankin, a ƙarƙashin tsofaffin saƙonnin da suka saba turo min. Na karanta shi har ƙarshe. An rubuta cewa lambar ta ɗora asusuna a kan sabuwar waya ce, kuma kada in faɗa wa kowa ko da ma'aikacin banki ne. Babu batun soke ciniki a ciki ko kaɗan. Ashe a daidai lokacin da yake min magana yana cikin manhajar bankin da bayanaina, shi ya sa bankin ya turo lambar, abin da ya rage masa kawai in karanto da bakina. Na ce masa zan kira banki da kaina. Nan take muryar ta sauya. Ya ce minti biyar suka rage, in na ajiye waya kuɗina sun tafi, kuma banki ba zai ɗauki alhaki ba tunda na ƙi ba da haɗin kai. Na katse.

Ban danna lambar da ta kira ni ba. Na ɗauko katin, na buga lambar da hannuna. Bayan dogon jira wata ma'aikaciya ta ɗauka, ta duba, ta ce babu wanda ya kira ni daga wurinsu, babu kuma wani ciniki da aka tsayar. Ta toshe katin, ta ce in je reshe in karɓi sabo. Na tambaye ta yadda aka yi lambarsu ta fito a wayata. Ta ce, "Malam, wannan ya fi ƙarfinmu, kullum muna samun irin ƙorafin nan."

Gaskiya ta faɗa. Lambar da ke bayyana idan an kira mutum, ɓangaren mai kiran ne ke aiko da ita, kuma tsarin waya tun asali an gina shi ne bisa yarda, ba a tantance ta. Mai kira ta intanet zai iya rubuta lambar da ya ga dama, ta banki ko ta 'yan sanda. Haka sunan da ke saman saƙon tes, shi ya sa saƙon ƙarya kan shige cikin jerin na gaskiya. A Amurka hukumar sadarwa ta tilasta wa manyan kamfanonin waya amfani da wani tsarin tantance lambar mai kira tun daga watan Yunin 2021. A Birtaniya kuma a shekarar aka buɗe gajeriyar lamba, 159, wadda mutum zai katse kiran da yake shakka ya buga, ta haɗa shi da bankinsa. Dabaru ne masu kyau, amma ba ko'ina ake da su ba, kuma ko inda ake da su ba su toshe kowace kafa ba.

Ma'aikaciyar ta yi min sallama da cewa na yi daidai, tunda ban ba da lambar ba babu abin tsoro. Ni ma haka na ɗauka. Nan ne nake ganin ana barin mutane a tsakiyar hanya. Duk faɗakarwar da ake yi a kan kalma ɗaya take tsayawa: kada ka ba kowa lambar sirrinka. Babu wanda ya ce min in tsaya in tambayi kaina daga ina mutumin nan ya samo ranar haihuwata. Lambobi huɗu na ƙarshen kati ba wani sirri ba ne, suna fitowa a rasit. Shida ko takwas na farko kuwa banki da nau'in kati suke nunawa, duk masu irin katin kusan ɗaya ne nasu. Amma wanda ya haɗa suna da lambar waya da ranar haihuwa da bankin mutum, wani kundi ne a hannunsa. Irin waɗannan kundaye daga kutse suke fitowa, ko daga hannun ma'aikacin da ya sayar. A 2017 kaɗai, kutsen da aka yi wa Equifax, kamfanin adana tarihin bashi a Amurka, ya fallasa bayanan mutum kusan miliyan 147. Bayanan da suka fita ba sa komawa, kati ake sauyawa, ba a sauya ranar haihuwa ko sunan mahaifiya.

Bayan 'yan kwanaki, da daddare, sabis ya ɗauke a wayata. Na kashe na kunna, na cire sim na goge na mayar, shiru. Ƙanwata tana gefe, layinmu na kamfani ɗaya ne.

"Yaya, nawa fa cike yake."

Na ce ta kira lambata. Wayata tana tafin hannuna, fuskarta baƙi ƙirin, amma a wayar ƙanwata ina jin kiran yana shiga, yana ringi. Sai aka katse daga can. Ban taɓa jin jikina ya yi sanyi irin na lokacin ba. Wani ne a wani wuri riƙe da layina, kuma duk lambar da banki zai turo yanzu wurinsa za ta je.

Da wayarta na kira banki. Kafin su saurare ni sai da suka tantance ni: cikakken suna, ranar haihuwa, lambobin ƙarshen kati. Tambayoyin da ɗan damfarar ya riga ya san amsarsu ke nan. Na ce a rufe duk wata hanyar fitar kuɗi, ta manhaja da ta waya da ta intanet, kada a buɗe sai na zo da ƙafata. Wanda ya ɗauka ya yi jim, sannan ya ce an riga an ɗora asusun a kan wata waya, kuma kuɗi sun fita sau ɗaya. Ya rufe sauran. Na nemi lambar ƙorafi da sunan sashensu, na rubuta a takarda tare da lokacin da muka yi magana. Daga daren nan na ware littafi guda, duk wanda na yi magana da shi sai na rubuta rana da lokaci da abin da ya ce. Littafin nan ya yi min amfani fiye da yadda na zata.

Daga nan na koma kan imel ta intanet ɗin gida, don kwamfutata tana ciki har lokacin. Na tarar da saƙon cewa wani ya nemi sauya kalmar sirri. Na riga shi: na sauya, na cire lambar wayata daga hanyoyin dawo da asusu, na fitar da duk wata na'ura da ke ciki. Imel shi ne uwar sauran, wanda ya riƙe shi zai iya sauya kalmar sirrin kusan komai. Manhajar hira kuwa sun riga ni. Tsakar dare gwaggonmu ta kira ƙanwata a ruɗe.

"Ke, yayanki lafiya? Ya turo min wai yana asibiti, in tura masa kuɗi a wani asusu, nasa ya samu matsala."

Na karɓi wayar na ce, "Gwaggo, ni ne, lafiyata lau, kada ki tura ko sisi. Ba ni ba ne." Ta daɗe tana salati. Muka raba aiki ni da ƙanwata, muka bi 'yan uwa da abokai ɗaya bayan ɗaya. Wani abokin aikina ya riga ya tura. Wannan ya fi ci min rai fiye da kuɗina, don shi saboda ni ya tura.

Da safe ofishin kamfanin waya na fara zuwa, kafin banki, domin muddin layin yana hannunsu duk gyaran da zan yi a banza ne. An karɓi katin shaidata, aka tambaye ni lambobin da na fi kira da lokacin da na sa kuɗi na ƙarshe. Saurayin da ke kan kwamfuta ya ce a rubuce yake cewa na zo na ce wayata ta ɓace, an ba ni sabon sim a wurin wani wakilinsu. Na ce ga ni, ga wayata, ga sim ɗina. Ya kashe wancan ya ba ni sabo cikin 'yan mintoci, da sauƙin da ya ƙara tayar min da hankali. Sai na ce ina son takarda mai hatimi da ke nuna rana da lokacin da aka sauya layin, da inda aka sauya. Ya ce ba sa bayarwa. Na nemi ganin shugabarsa. Ita ma da farko ta ce sai da buƙatar 'yan sanda. Na ce, "Hajiya, ba sunan wakilin nake nema ba, lokacin kawai nake so a rubuce, don banki zai ce ni na yi." Ta dube ni, ta sa aka buga min 'yan layuka aka sa hatimi. Duk wanda irin wannan ta same shi, kada ya bar ofishin nan ba tare da wannan takarda ba.

Na kuma nemi a sa wa layin wata kalmar sirri, kada a ƙara sauya shi sai an faɗe ta. Kamfanoni da dama suna da irin wannan kariya, sai dai ba sa tallata ta. Ta bambanta da lambar kulle sim da ake sawa a cikin waya, wadda ke kulle sim idan an yi kuskure sau uku. Waccan tana amfani idan an sace wayar, amma ba ta hana wani ya je ofis ya karɓi sabon sim da sunanka. Kuma wannan sata ba ta duba wayewa ko matsayi. A watan Agustan 2019 ta wannan hanyar aka ƙwace shafin Jack Dorsey a Twitter, alhali shi ne shugaban kamfanin a lokacin.

A banki, tambayar farko da jami'in ya yi min ita ce, "Wa ka ba lambar?" Ban gama zama ba. Na ce babu. Ya ce tsarinsu ya nuna an shigar da lambar daidai, wanda ke nufin mai asusu ne ya amince. Na miƙa masa takardar kamfanin waya, na buɗe littafina na nuna masa lambar ƙorafin farko, ta ranar da aka yi min kiran sojan gona. Ya jera lokutan: an sauya sim, bayan ɗan lokaci aka ɗora asusun a sabuwar waya, sannan kuɗi suka fita. Daga nan maganarsa ta sauya, ya kawo fom ɗin zamba, ya kira wani a waya. Ina ta tunanin wanda ya zo ba takarda, ko dattijuwar da aka ruɗa ta karanto lambar da bakinta. Da wannan tambaya ɗaya za a sallame ta, ta tafi gida da asara da kunya, ta ƙi faɗa wa kowa. Kunyar nan kuwa ita ce babban jarin 'yan damfara.

Jami'in ya yi min bayanin inda kuɗin suka bi. Ba sa zama a asusun farko. Cikin mintoci ake rarraba su zuwa wasu asusu a wasu bankuna, galibi na mutanen da aka yi hayar asusunsu, ko asusun da aka buɗe da bayanan sata irin nawa, daga nan a cire ko a sayi kuɗin intanet. Bankina zai aika wa bankin da ya karɓa buƙatar a riƙe, abin da aka tarar shi za a iya dawowa da shi. Shi ya sa kiran daren nan ya fi duk zirga-zirgar da na yi daga baya muhimmanci.

Abin da ban yarda da shi ba har yanzu shi ne wannan. Na kai rahoton cewa wani yana riƙe da bayanaina, an rubuta. Bayan 'yan kwanaki aka ɗora asusuna a kan baƙuwar waya cikin dare, jim kaɗan bayan an sauya sim, kuɗi suka tafi asusun da ban taɓa tura wa ba, kuma babu abin da ya tsayar da su. Bankuna suna iya bincikar ko an sauya sim kwanan nan kafin su amince da lambar da suka tura, wasu suna yi. Wanda bai yi ba, bai kamata ya fara da tuhumar mai asusu ba. A Birtaniya tun 7 ga Oktoban 2024 doka ta wajabta a mayar wa wanda aka yaudara ya tura kuɗi da hannunsa har fam 85,000, bankin da ya tura da wanda ya karɓa su raba asarar biyu. Hikimar a fili take: idan asarar za ta taɓa aljihun banki, zai fi sa ido a kan wanda yake buɗe wa asusu.

Wurin 'yan sanda ban daɗe ba. Na ba da bayani, aka rubuta, na karɓi takardar rahoto. Ban sa ran za a kama kowa ba, takardar nake so. Na yi kwafinta da yawa.

Na ɗauka an gama, sai bayan makonni aka kira ni daga wani kamfanin ba da rance ta waya, wai lokacin biya ya wuce. Na ce ban san su ba, na katse, don na zata wata damfarar ce. Suka ci gaba da kira, har suka fara tura wa mutanen da ke cikin wayata saƙo. Na nemo lambarsu ta shafinsu na kira da kaina. Bashin gaskiya ne, da sunana, da lambata, da hoton katin shaida mai bayanaina da fuskar wani. A daren da layina ya kwana a hannun wasu aka ci shi.

A nan na fahimci abin da ake nufi da satar bayanan mutum. Kuɗin da aka cire daga asusu an san adadinsu, an san lokacin. Amma wanda ya ci bashi da sunanka, kai ne za ka yi ta yawo kana rantsuwa cewa kai ne kai, kuma ba kai ba ne wancan. Na je kotu na yi takardar rantsuwa. Na haɗa ta da rahoton 'yan sanda da takardar kamfanin waya, na aika wa masu rancen a rubuce, ba ta waya ba, na ce su daina neman kuɗin, su daina damun mutanena, su ba ni kwafin duk abin da aka gabatar musu. Sannan na nemi rahoton tarihin bashina daga hukumomin da ke adana shi. Ban taɓa sanin ina da irin wannan kundi ba. A ciki na ga bashin, na kuma ga wasu wurare biyu da aka nemi rance da sunana aka hana. Na shigar da ƙorafi a kowace hukuma daban, don gyaran da aka yi a ɗaya ba ya kaiwa ga ɗaya. A wasu ƙasashe mutum na iya kulle kundinsa gaba ɗaya, kada a ba kowa bashi da sunansa sai ya buɗe. A Amurka kyauta ake yi tun 2018. Inda ba a da wannan, dubawa a kai a kai ita ce kawai abin yi.

Wannan matakin ya fi kowane cin lokaci da gajiyarwa. Kowane ofis sai ka faro labarin daga tushe, kowane ma'aikaci da irin takardar da yake so. Akwai ranar da na zauna a mota bayan na fito daga wani ofis, na kasa tayar da ita, ba don komai ba sai gajiyar maimaita magana ɗaya ga mutanen da ke kallona da shakka.

A tsakanin zirga-zirgar na gyara abin da ke hannuna. Duk inda aka yarda, na cire saƙon tes a matsayin hanyar tantancewa, na koma manhajar da ke samar da lamba a cikin wayar kanta, tana sauyawa duk daƙiƙa 30, ba ruwanta da sim. Na sa wa manhajar hira lambar sirri ta biyu. Na daina amfani da kalmar sirri ɗaya a wurare da yawa. Na duba imel ɗina a shafin Have I Been Pwned, mai nuna ko bayanan mutum sun fita a wani kutse, wanda Troy Hunt ɗan Ostireliya ya buɗe a 2013, na gan shi a cikin kutse fiye da ɗaya, na wuraren da na manta ma na taɓa yin rajista. Na rage yawan kuɗin da za a iya fitarwa a rana, na raba ajiya da asusun kashe-kashen yau da kullum, ita ajiyar babu kati babu manhaja. A gida kuma muka yi yarjejeniya: duk wanda ya nemi kuɗi ta saƙo, ko da muryarsa aka ji, sai an kira shi an yi masa wata tambaya da mu kaɗai muka san amsarta. Kwaikwayon murya da kwamfuta ya riga ya zo. Tun 2019 aka ba da rahoton wani kamfanin makamashi a Birtaniya da aka raba da yuro 220,000 ta hanyar kwaikwayon muryar shugaban babban kamfanin da ya mallake su.

Bankin ya kira ni daga baya, kiran gaskiya wannan karon, don ya sanar da ni inda bincike ya kai. Matar ta ce kafin ta ci gaba sai na faɗa mata ranar haihuwata. Na ce, "Baiwar Allah, ke kika kira ni, ni ya kamata in tantance ki. Ba ni lambar ƙorafin, zan kira layinku." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce hakan ma daidai ne. Muddin bankuna suna kiran mutane suna tambayarsu bayanan sirri, su da kansu suke koya musu amsa wa ɗan damfara.

An dawo min da mafi yawan kuɗin, ragowar ana ta musayar wasiƙu a kai, na kuma ɗaukaka ƙorafin zuwa hukumar da ke sa ido a kan bankuna. Abokin aikina na biya shi daga aljihuna, ya ƙi karɓa sai da na matsa. Masu rancen sun aiko a rubuce cewa sun janye. Hukuma ɗaya ta goge bashin daga kundina, ɗayar har yanzu ta rubuta "ana jayayya" a gefensa, kuma ta ce sai masu rancen sun aiko mata da tasu takardar kai tsaye. Na rubuta musu a kan haka makon jiya, ina jiran amsa.